“Ai a wurina tana aiki”: neman dalilin da manhaja ke ƙin tashi a kwamfutar wani

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhajojin da ake girkawa a kwamfuta ya san wannan magana, domin ko dai ya taɓa faɗarta ko an taɓa faɗa masa ita. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta da wani amfani ga mutumin da ya sauke manhajar, ya danna ta, bai ga komai ba illa ƙaramin akwatin kuskure. A ganina babu wurin gwaji da ya kai kwamfutar mai rubuta manhajar yaudara, saboda ta daɗe tana tara kayan aiki iri-iri, mai ita yana da cikakken iko a kanta, kuma kowane fayil yana zaune a inda aka sa ran samunsa. Mafi yawan matsalolin da ke ɓullowa bayan an raba manhaja suna fitowa ne daga wani bambanci tsakanin wannan kwamfuta da ta mai amfani, aikin kuwa shi ne a gano bambancin da hujja a hannu.

Abin da aka fi cin karo da shi a Windows shi ne saƙon da ke cewa ba a sami VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba. Waɗannan fayiloli na Microsoft ne, irin waɗanda ake kira DLL, wato fayilolin da manhaja ke ɗaukar wasu ayyuka daga cikinsu, kuma manhajar da aka harhaɗa (wato aka mai da rubutunta manhaja mai gudana) da Visual Studio, kayan rubuta manhaja na Microsoft, tana jingina da su sai in an shirya ta ta wata hanya dabam. A kwamfutar mai rubutawa suna nan tun ranar da ya girka Visual Studio, shi ya sa bai taɓa lura da su ba. Sigogin 2015 zuwa 2022 suna amfani da kunshi guda na Visual C++ Redistributable, amma wajibi ne kunshin da ke kwamfutar mai amfani kada ya gaza sigar da aka yi harhaɗawar da ita, in ba haka ba za a iya ganin fayil ɗin yana nan amma manhajar ta ƙi tashi. Akwai kuma wata alama da ta cancanci a lura da ita: idan sunan fayil ɗin da ake nema yana ɗauke da harafin d a ƙarshe, kamar VCRUNTIME140D.dll ko ucrtbased.dll, to an aika wa mutane sigar gwaji ce ta cikin gida, wadda ba a yarda a raba fayilolinta ba. Maganin wannan a sake harhaɗa manhajar a matsayin sigar fitarwa.

Kuskuren da ya fi wannan ruɗa mutane shi ne mai lamba 0xc000007b, domin ba ya ambaton sunan kowane fayil. Galibi ma'anarsa manhaja mai bit 64 ta yi ƙoƙarin ɗaukar DLL mai bit 32, ko akasin haka. Sunayen foldojin Windows ma suna ƙara dagula lamarin, tunda a Windows mai bit 64 foldar System32 ce ke ɗauke da fayilolin bit 64, yayin da na bit 32 suke cikin SysWOW64. Mutum mai kyakkyawar niyya yakan bi sunan, ya jefa fayil a inda bai dace ba, ya lalata wasu manhajojin da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan ne ya sa nake matuƙar ƙin shawarar nan da ake yawan bayarwa, wai mai amfani ya je wani shafin intanet ya sauke DLL ɗin da ya ɓace. Ba a san wanda ya ɗora fayil ɗin ba, ba a san ko an cusa masa wani mugun abu ba, kuma ko da lafiyarsa ƙalau, an ɗora wa mai amfani nauyin da yake na mai manhaja ne. Manhajar girkawa ce ya kamata ta zo da duk abin da ake buƙata.

Ga yadda nake son a bi irin wannan matsala. A buɗe Process Monitor, manhajar da ke nuna kowane fayil da wata manhaja ta nema, ɗaya daga cikin kayan Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006, a tace bayanansa ta yadda ba zai nuna komai ba sai abin da manhajar da ake bincike take yi, sannan a tayar da ita a bar ta ta mutu. Layuka za su zubo da yawa, amma na ƙarshe-ƙarshen ne abin dubawa. Za a ga Windows tana neman fayil guda a foldar manhajar, ta rasa, ta leƙa foldojin tsarin, ta rasa, sannan ta bi foldojin da ke cikin PATH, wato jerin foldojin da aka saita wa tsarin ya riƙa dubawa, ɗaya bayan ɗaya, kowane layi yana cewa ba a sami sunan ba. Wani lokaci kuma a tsakiyar jerin sai a ga ta samu, amma a foldar wata manhaja dabam wadda ta ajiye tsohuwar sigar fayil mai suna iri ɗaya. Wannan layi guda yakan warware abin da mutum zai yini yana zato a kansa. A Linux umarnin ldd yana nuna abin da manhaja ta jingina da shi, a macOS kuma otool ne ke wannan aiki.

Kowane kayan aiki yana da nasa salon wannan ciwo. Manhajar da aka gina da Qt, kayan gina tagogin manhaja, ba za ta buɗe taga ba idan babu qwindows.dll a cikin foldar platforms, kuma windeployqt an yi shi ne domin ya tattaro irin waɗannan fayiloli. PyInstaller, mai dunƙule manhajar Python domin a raba ta, yana bin layukan shigo da kayan aiki a cikin rubutun Python, saboda haka abin da ake ɗaukowa da suna a lokacin da manhaja take gudana yakan kuɓuce masa. A Linux kuwa, manhajar da aka harhaɗa a Ubuntu 22.04 mai glibc 2.35 (glibc ita ce tarin ayyukan tushe da manhajojin Linux ke jingina da shi) takan ƙi tashi a Ubuntu 20.04 mai 2.31, tana neman GLIBC_2.34, domin sabuwar glibc tana karɓar tsofaffin manhajoji amma tsohuwa ba ta san sababbi ba. Ƙa'idar ita ce a yi harhaɗawa a kan mafi tsufan tsarin da aka yi alkawarin tallafa wa.

Sai batun wuraren ajiya, wanda nake ganin an fi raina shi alhali ya fi cin bayanan mutane. Manhaja takan buɗe fayil ɗin saitunanta da suna kawai ba tare da cikakkiyar hanya ba, ta yi aiki lafiya a wurin mai ita, domin yana tayar da ita daga foldarta. Da zarar mai amfani ya buɗe ta ta hanyar danna wata takarda, foldar da ake ciki ta canza, fayil ɗin ya ɓace mata. Wata kuma takan rubuta bayananta a cikin Program Files, alhali tun zuwan Windows Vista manhaja ba ta da izinin rubutu a can ba tare da an ɗaga mata iko ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, idan manhajar mai bit 32 ce kuma ba ta bayyana matakin ikon da take buƙata ba, Windows ba za ta nuna kuskure ba, sai ta karkatar da rubutun a ɓoye zuwa foldar VirtualStore ta wannan mai amfani. Daga nan sai a sami mutum biyu a kwamfuta ɗaya kowa yana ganin bayanai dabam, ko kuma mutum ya buɗe manhajar da ikon admin ya tarar aikinsa na watanni babu shi, alhali yana nan a wani wuri. Cewa mutane su riƙa buɗe manhajar da ikon admin kullum rufe tukunya ne alhali tana tafasa. Bayanan kowane mai amfani wurinsu AppData, na kowa da kowa kuma ProgramData, kuma tsarin ne ake tambaya ya faɗi hanyar, ba a rubuta ta da hannu a cikin manhaja.

Sunan mai amfani kansa yana iya kashe manhaja. Idan akwai tazara a cikinsa kuma ba a sa hanyar cikin alamun zance ba, umarni yakan yanke a tsakiya. Idan akwai harafi irin ƙ, ɗ ko ɓ, waɗanda babu su a tsohon jadawalin haruffa na 1252, manhajar da ke amfani da tsofaffin hanyoyin Windows marasa Unicode takan mai da harafin alamar tambaya, ta ce foldar ba ta nan. Haka lambobi suke: a kwamfutar da aka saita da Jamusanci ko Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, don haka 3.5 da aka adana a wata kwamfuta tana iya zama kuskure ko ta zama wata lamba dabam. Abin da za a nuna wa mutum a bi saitin ƙasarsa, abin da za a rubuta a fayil kuwa a tsayar masa da tsari guda da ba ya canzawa. Wanda zai kai manhajarsa Linux kuma ya tuna cewa a can Hoto.png da hoto.png fayiloli biyu ne.

Sandarewar taga ba ta buƙatar dogon bayani. Idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙonnin da Windows ke aiko mata ba, tsarin yakan ɗauke ta a matsayin wadda ta daina amsawa. Kusan kullum dalilin shi ne an sa wani aiki mai jinkiri, kamar jiran intanet ko karanta fayil daga wata kwamfuta, a kan zaren da ke kula da tagar, wato layin aikin manhajar da ke karɓar waɗannan saƙonni. A wurin mai rubutawa aikin yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa bai gani ba.

Idan manhaja ta mutu ba tare da wani saƙo ba, akwai inda ta bar sawu. A cikin Event Viewer, kundin rahotannin Windows, a sashen manhajoji, rahoto mai lamba 1000 yana faɗin sunan fayil ɗin da mutuwar ta faru a cikinsa, da lambar kuskuren, da daidai wurin da ta auku. Lamba 0xc0000005 tana nufin an taɓa ƙwaƙwalwar da ba a da izinin taɓawa. Manhajojin da aka gina a kan .NET na Microsoft kuma sukan bar rahoto mai lamba 1026 tare da jerin ayyukan da suka kai ga kuskuren. Ana iya saita Windows ta ajiye hoton ƙwaƙwalwar manhajar a lokacin mutuwarta, amma wannan hoto ba ya magana sai da fayilolin PDB, masu danganta wuraren da ke cikin manhajar da layukan rubutunta, na ainihin harhaɗawar da aka raba, kuma sake harhaɗa rubutun daga baya ba lallai ya ba da waɗanda suka dace ba. Don haka nake ganin adana PDB na kowace siga da aka fitar wajibi ne daidai da adana rubutun manhajar. Haka nan manhajar ta riƙa rubuta kundin abin da take yi, layinsa na farko ya faɗi sigarta da sigar tsarin da take kai, domin tambayar mai amfani abin da ya faru ba ta cika ba da amsa fiye da “ta rufe kanta” ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Manhajar girkawa ma manhaja ce, tana da nata kurakurai. Kuskure 1603 na Windows Installer bai faɗi komai ba sai cewa girkawar ta gaza. A sake gudanar da ita da umarnin msiexec tare da zaɓin /l*v domin ta rubuta cikakken kundi, a nemi wurin farko da aka rubuta Return value 3, a karanta layukan da ke samansa, yawanci dalilin yana nan. Masu mamakin ganin siga biyu ta manhajarsu a kwamfuta ɗaya su duba lambobinsu: UpgradeCode, lambar da ke haɗa duk sigogin manhajar, ba ya canzawa, ProductCode, lambar shaidar fitowa guda, yana canzawa a kowace babbar sabuntawa, kuma Windows Installer ba ya la'akari da kashi na huɗu na lambar siga, saboda haka 2.1.0.5 da 2.1.0.6 abu ɗaya ne a wurinsa.

Akwai kuma shingen amincewa. SmartScreen, mai gadin Windows, yana gargaɗi a kan fayil ɗin da aka sauke daga intanet wanda bai riga ya yi suna ba, manhajojin rigakafi sukan zargi fayilolin da ke kwance kansu a foldar wucin gadi kamar yadda PyInstaller yake yi idan an dunƙule komai a fayil guda, macOS kuma tun sigar Catalina ta 2019 tana buƙatar Apple ta tantance manhajar da aka raba a wajen kantinta. Ba na yarda a ce wa mai amfani ya kashe rigakafinsa, domin ana koya masa ɗabi'ar da wata rana za ta cuce shi. A sa wa manhajar hannu da satifiket mai tabbatar da wanda ya yi ta, a haɗa da hatimin lokaci domin sa hannun ya ci gaba da aiki bayan wa'adin satifiket ɗin ya ƙare, a kuma kai ƙorafi ga kamfanin rigakafin idan zarginsa ba daidai ba ne.

Mafi yawan abubuwan nan ana kama su kafin kowa ya gani idan aka yi gwajin ƙarshe a kan tsarin da ba a taɓa girka masa komai ba. Windows Sandbox, wanda ya zo da Windows 10 siga 1903 a bugun Pro da Enterprise, yana ba da sabon tsari duk lokacin da aka buɗe shi, kuma ya isa a gane fayilolin da suka ɓace. Sai dai mai amfanin da ke cikinsa yana da ikon admin, don haka matsalolin izini suna buƙatar kwamfutar kwaikwayo, wato wadda ke gudana a cikin wata kwamfuta, mai asusun da ba shi da iko, mai suna da tazara da baƙon harafi, an saita ta da wani harshe, an kuma ƙara girman rubutun allo zuwa kashi 150. A can za a girka tsohuwar siga, a yi aiki da ita, a ɗora sabuwa a kanta, a duba ko bayanan suna nan, sannan a cire manhajar a ga abin da ta bari a baya.