Godiya bayan an sallamo autarmu daga asibiti

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya bayan azahar aka sallamo autarmu, ta shigo gida da ƙafafunta, ta karɓi 'yarta ta rungume. Kwana 19 muka yi. Ku da kuka bi mu tun daren da aka fita da ita daga Unguwar Sanusi kun san yadda aka yi, ba sai na maimaita ba, kuma ba ni da ƙarfin maimaitawa. Wanda ya kira ba a ɗauka ba ya yi mana afuwa. Hajiya ce ta ce in rubuta da sunan gidan gaba ɗaya, kuma tunda ni ce mai aikin jinya a cikinmu, in haɗa da bayanin ciwon, wato raunin zuciyar da ya same ta bayan haihuwa, don tambaya ta yi yawa.

Dare na uku ne ba zai fita daga ranmu ba. Wajen ƙarfe 2 aka ɗauke wuta, na'urar da ke tace mata iskar oksijin ta yi shiru, janareto kuma ya ƙi tashi. Ɗan abin auna oksijin na jini da aka maƙala mata a yatsa yana nuna 90, sai ya sauko 84, sai 77. Tana zaune a bakin gado ta riƙe ƙarfensa da hannu biyu, in ta yi tari sai kumfa mai ruwan hoda ta fito. Hajiya ta juya fuskarta bango tana ta Innalillahi. A baranda akwai wani bawan Allah da mahaifinsa ya rasu bayan isha'i a ɗakin maza, yana jiran gari ya waye a ba su gawa. Da yammacin ranar ya cika wa mahaifin tukunyar oksijin da kuɗinsa. Da ya ji ana neman iska, sai ga shi yana gangaro ta a kan siminti, ko takalmi babu a ƙafarsa, sufana a aljihun gaban rigarsa. Shi ya durƙusa ya kwance kan tukunyar. Da asuba mijinta ya bi shi da kuɗi, ya ƙi ko kallon kuɗin, ya ce, "Ku dai sa Baba a addu'a." Ba mu san sunansa ba, mun dai ji ɗan wajen Giwa ne. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haskaka kabarinsa, Ya yalwata masa shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Kai kuma Allah Ya isar maka a ranar da ba ka da kowa sai Shi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa dattijon nan Ƙulhuwallahu.

Abin da ya same ta a daren nan shi ne ruwa a huhu. Idan ɓangaren hagu na zuciya ya kasa tura jini gaba, sai jinin ya taru a jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo cikin 'yan jakunkunan da iska ke shiga. Mai irin wannan ba a kwantar da shi, zaunar da shi ake yi ƙafafu a ƙasa. Ƙaramar na'urar tace iska yawanci lita 5 take bayarwa a minti, alhali abin rufe hanci da baki mai jaka yana son lita 10 zuwa 15, sai tukunya. Aka yi mata allurar Lasix, mai fitar da ruwa ta fitsari, miligiram 40 ta jijiya, aka maimaita, kafin hantsi ta fitar da fitsari sama da lita 2, numfashi ya fara dawowa.

A nan zan faɗi abin da ya fi yi mini ciwo. Kwana 2 kafin a kai ta asibiti, an kai ta wani kemis saboda kasala da haki, aka ce zazzaɓi ne da rashin ƙarfi, aka ƙara mata ruwa leda 2. Lita guda ke nan aka ɗura wa zuciyar da ta riga ta kasa da wanda ke jikinta. Mai jego da ke haki in ta kwanta, take tara filo 3 kafin ta iya barci, take farkawa tsakar dare tana neman iska, ga kumburin ƙafa da fuska da tarin dare, ba ƙarin ruwa take bukata ba. Hoton zuciya take bukata, wanda ake kira eko. Kuma a daina cewa gajiyar haihuwa ce.

Ciwon shi ne raunin zuciya na ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Ana gane shi idan eko ya nuna zuciya tana tura ƙasa da kashi 45 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, ba tare da an sami wani dalilin ba. Lafiyayyar zuciya tana tura kashi 55 ko fiye. Ta autarmu 24 ta nuna. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, kuma a lokacin an ɗora laifin a kan wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Babban binciken PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan bai sami cewa al'adun ne tushen ciwon ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, talauci, da hawan jinin masu ciki. Binciken da aka yi a Kano ya kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin yawancin masu ciwon. Don haka Goggo, ki kwantar da hankalinki, ba wankan da kika yi mata ne ya jawo ba, ki daina kuka. Amma kanwa gishiri ce a cikinta, sinadarin sodiyom, shi kuma riƙe ruwa yake yi a jiki. Wadda zuciyarta ta riga ta yi rauni, kunun kanwa zai cika mata huhu. Wannan ba a musu a kansa.

Wani abin da ya ba ni fata shi ne binciken da aka wallafa a 2024, wanda aka yi da mata masu ciki da masu jego kusan 1,200 a asibitoci 6 na Najeriya. An yi amfani da abin sauraron ƙirji na zamani mai haɗe da manhajar kwamfuta, aka gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda aka gano ta hanyar awon da aka saba. Da za a kai irin wannan ɗakunan awon ciki na Rigasa da Tudun Wada da ƙauyukanmu, da yawa ba za su kai ga daren da muka gani ba.

Yanzu sai maƙwabciyarmu Maman Biyu. Na san ba ki so, kin ma roƙe ni kada in ambace ki, ki yi haƙuri, Hajiya ce ta ce sai an faɗa. Likitan zuciya ya yanke shawarar ba autarmu buromokiriftin, maganin da ke tsayar da sinadarin da ke kawo ruwan nono. Dalili shi ne binciken da aka yi a Jamus da Afirka ta Kudu ya nuna wani ɓangare na wannan sinadari yana lalata ƙananan jijiyoyin zuciya, kuma tsayar da shi na iya taimaka wa zuciyar ta farfaɗo. Har yanzu ana ci gaba da gwada shi, shi ya sa ba kowa ake ba ba, an fi ba waɗanda abin ya yi wa tsanani. Nata miligiram 2.5 ne sau 2 a rana na mako 2, sannan sau 1 a rana na mako 6, kuma dole a haɗa da maganin tsinka jini, domin yana ƙara haɗarin gudan jini. Nono ya ɗauke. Jaririya 'yar kwana 23 ta ƙi madarar gwangwani, ta kwana tana tsala kuka har muryarta ta dushe. Maman Biyu ta leƙo ta katanga ta ce a miƙo mata ita. Da kanta ta ce a fara gwada jininta, aka duba ƙanjamau da ciwon hanta, komai lafiya, ta haɗa ta da nata biyun tana shayarwa har yarinyar ta saba da kwalba. Mace mai goyon tagwaye ta ƙara na uku, ba dangin iya ba na baba. Liman ya tuna mana cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ko sau ɗaya aka sha nono a cikin shekara 2 zumuncin shayarwa ya tabbata, aka rubuta a takarda, gida biyu kowa ya ajiye. Allah Ya raya miki su, Ya shirya miki su, Ya sa su jiƙan ki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara da hannun Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Muna godiya ga likitan zuciyar da ya dawo daga gida tsakar dare, da ma'aikatan jinya na ɗakin mata, musamman 'yar'uwarmu Kirista da ta riƙe hannun Hajiya har gari ya waye. Mai keken layinmu da ya kai mu bai karɓi ko sisi ba. Matan Islamiyyar Hajiya da suka yi karo-karo, abokan mijinta na Kasuwar Barci, Kawu na Kawo da ya sayar da ragonsa, Inna ta Zariya da ta bar gidanta ta zo ta tare da yara. Allah Ya mayar muku da ninkin ba ninkin, Ya tsare ku da kwanan asibiti, Ya rufa muku asiri duniya da lahira.

Akwai 'yan'uwa na jini da ranar suna suka cika gidan nan, amma kwana 19 ko leƙe, wasu ma daga nesa suka aiko cewa iska ce, a cire ta daga asibiti a kai ta wajen mai magani. Hajiya ta ce kada in ce komai. Na bari. Allah Ya bar zumunci.

Ga masu tambaya ko ta warke, ta sami sauƙi, amma magani yanzu aka fara. Tana shan enalafiril, wanda ba a ba mai ciki domin yana lalata ƙodar ɗan tayi, sai bayan haihuwa. Tana shan kabedilol, an fara da miligiram 3.125 sau 2 a rana, kuma ba a fara shi ba sai da ruwan huhu ya sauka, don in an yi gaggawa yana ƙara nauyaya zuciya. Za a riƙa ninka shi duk bayan mako 2 gwargwadon yadda jini da bugun zuciya suka ɗauka. Akwai sifaironolakton miligiram 25, mai bukatar a riƙa gwada ƙoda da sinadarin fotasiyom, domin in ya hau da yawa yana rikita bugun zuciya. Tunda ba ta shayarwa an ƙara mata dafagiliflozin miligiram 10. Asalinsa maganin suga ne, sai gwajin da aka wallafa a 2019 a kan mutum 4,744 ya nuna yana rage mutuwa da komawa asibiti ga masu raunin zuciya, ko ba su da suga. Sai wafarin, maganin tsinka jini, wanda awonsa na INR, mai nuna yadda jinin ya tsinke, ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3: ya yi ƙasa gudan jini ya haɗu a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki, ya yi sama jini ya ɓalle.

Yawancin waɗanda zuciyarsu ke dawowa daidai suna samun haka a wata 3 zuwa 6, wasu har shekara 2. Ko eko ya nuna ta dawo, kada wani ya ce mata ta ajiye ƙwayoyi. A wani gwaji da aka yi a Landan, wanda aka wallafa a 2019, an janye magani ga masu raunin zuciya da suka farfaɗo, cikin wata 6 kusan 4 cikin 10 ciwon ya dawo musu. Maganar wani cikin kuma an ajiye ta sai likita ya ba da izini, domin ciki a kan zuciyar da ba ta koma kashi 50 ba yana iya tafiya da rai. An sa mata ashanar fata, ba a ba ta ƙwayoyin tazara masu sinadarin istirojin ba saboda gudan jini. Mijinta ne ya fara cewa a yi, a gaban kowa, Allah Ya yi masa albarka. Muna roƙon kada a dame su da tambayar yaushe za a yi wa yarinya ƙane.

Ya Allah, Kai Ka dawo mana da ita, Ka cika mata lafiyar, Ka ƙarfafa zuciyarta, Ka ba ta tsawon rai ta ga auren 'yarta. Waɗanda muka baro a gadajen nan Ka tashi kafaɗunsu. Matan da suka rasu da wannan ciwo ba a ma san sunansa ba, Ka karɓi shahadarsu, Ka raya marayunsu.

Masu zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take daga la'asar zuwa magariba, da safe barci take yi. Mai kawo abinci ya rage gishiri ƙwarai, ya bar dunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin gishirinta na yini guda bai kamata ya kai ƙaramin cokali ɗaya ba. Kada a ba ta diklofenak ko ibufurofen don ciwon jiki, suna riƙe ruwa suna taɓa ƙoda, ga ta kuma a kan maganin tsinka jini. Jiƙo da saiwa ma a bari, ba mu san yadda za su yi da wafarin ba. Akwai sikeli a bakin gadonta, kullum da safe bayan ta yi fitsari ake auna ta a rubuta. Wanda ya kwana da ita ya ga ta ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko ta koma neman ƙarin filo, ya kira ni ko ƙarfe nawa ne.