Falon ƙanwata ya kai rabi: abin da na koya a hannun mai kwalliyar ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kwalliyar ɗaki. Aikin ciki da falon da nake yi wa ƙanwata kafin ta tare ya kai rabi. An gama fenti, labule na wurin tela, kujeru na hannun kafinta. Yau ina so in ba ku labarin shawarar da na yanke tun kafin a sayi ko ƙusa, wato ɗauko wadda ta fi ni sanin aikin, duk da cewa kuɗin hannunmu ba su taka kara sun karya ba.

Da na kawo maganar a gida, gwaggonmu ta ce wannan ai sai masu hannu da shuni, mu jere muka sani, kuma dangi ke yin sa a kyauta. Tana da gaskiyarta. Sai dai 'yan jere suna zuwa ne bayan an riga an sayo kaya, su kuwa kuɗi a kasuwa suke salwanta, ranar da aka sayi kujerar da ta fi ƙarfin falo ko yadin da bai isa taga ba. Mai kuɗi zai iya sakewa, mu ba za mu iya ba. Shi ya sa nake ganin mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa buƙatar wanda ya iya awo.

Masu wannan sana'a iri-iri ne wajen karɓar ladan aiki. Akwai mai karɓar aikin a kwangila, ki ba ta kuɗi da mukulli, ki dawo ki tarar an gama. Akwai mai ɗaukar kasonta daga kuɗin kayan da aka saya, kuma a nan kowa ya san tsadar kaya ita ce ribarta. Akwai kuma mai yarda a biya ta kuɗin shawara kawai: ta zo ta duba wuri, ta auna, ta zana tsari, ta rubuta abin da za a saya da adadinsa, sauran zirga-zirgar taki ce. Wannan na uku na nema. Ba kowa ke yarda ba, amma na sami wata Anti da ta daɗe a harkar. Kafin mu yi ciniki na roƙe ta in ga ɗakin da ta yi wanda aka shekara ana zaune a ciki, domin hoton Instagram ranar da aka gama aiki ake ɗaukarsa, ba ya nuna inda fenti ya ɓare ko inda soso ya lotsa.

Da ta zo, ba ta fara da maganar launi ba. Ta tambayi ina alƙibla, don a bar wurin shimfiɗa sallaya. Ta tambayi wace taga ce rana ke dukanta da la'asar, ina soket suke, gidan na haya ne ko na kai, a ƙasa ake cin abinci ko a tebur. Sannan ta ciro tef. Falon ƙafa 12 ne da 14, tsayinsa ƙafa 9. Ta ɗauki alli ta zana girman cikakken saitin kujeru a kan siminti, mai zaman mutum uku, mai zaman biyu, da ƙanana biyu, ta ce, "To bismillah, wuce daga ƙofa zuwa uwar ɗaki." Sai da na karkace na bi gefe. Ta ce hanyar wucewa tana son ƙafa 2 da rabi zuwa 3, in ba haka ba kullum mai gida da baƙi suna cin karo da hannun kujera.

A nan ne aka yi doguwar magana. Ƙanwata ba falon ne damuwarta ba, damuwarta abin da dangin miji za su ce in sun zo ganin ɗaki suka tarar saiti bai cika ba. Ni ban raina wannan tsoron ba, duk mun san yadda ido yake a biki. Anti ba ta yi mata wa'azi ba, kiranta ta yi ta tsaya a cikin zanen allin da kanta. A ƙarshe muka tsaya a kan mai zaman uku guda ɗaya, ƙanana biyu, da tumtum na fata daga Kasuwar Kurmi, wanda za a jawo in baƙi sun yi yawa a mayar in sun tafi. Kuɗin da aka rage muka zuba a soso mai nauyi da yadi mai ƙwari. Araha ba ta ado, haka ne, amma rage yawan kaya daban, sayen na banza daban.

Abu na biyu da ta yi ya fi komai tsaya mini a rai. Ta durƙusa ta shafa ƙasan bango da tafin hannu, ta nuna mini wani farin gari kamar gishiri a hannunta, ga fentin wurin ya kumbura. Danshi ne ke tasowa daga ƙasa da damina. Nan take maganar takardar bango ta mutu, domin ba za ta kai damina biyu ba sai ta saki. (Ga mai son ta a busasshen bango: nadi ɗaya yawanci faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10, yana rufe kusan murabba'in mita 5, ƙasa da haka in zanen na buƙatar a haɗa baki.) Silin na POP, wato adon farar filasta da ake yi wa rufin ɗaki, shi ma ta hana mu. Dalilinta shi ne gidan haya ne, duk abin da aka manna a bango ko a rufi ya zama na mai gida ranar tashi. Ta ce mu raba takardar sayayya gida biyu, abin da zai bi amarya duk inda ta koma da abin da zai tsaya, mu ba na farko kaso mafi tsoka.

Ga lissafin fenti, ku gwada da naku ɗakin. Kewayen falon ƙafa 52, a ninka da tsayi 9, ya ba da kusan murabba'in mita 43. A cire ƙofa da tagogi, saura kamar 38. Shafi biyu, 76 ke nan. Lita ɗaya na fenti mai kyau tana cin murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, don haka galan uku masu lita 4 sun isa har da ragi. Ba don wannan lissafin ba da babban bokiti mai lita 20 za mu ɗauko a Ƙofar Ruwa. An kankare inda ya kumbura, an bar shi ya sha iska ya bushe, an yi shafin farko kafin launi. Mun guji fari tas saboda ƙurar hunturu, muka ɗauki ruwan madara mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin a saya sai da muka shafa kaɗan a bango muka duba shi da hantsi, da la'asar, da kuma dare a hasken fitila. Ku riƙa duba lambar da ke jikin kwalin ƙwan fitila: mai 6500K fari ne ƙal, yana kashe launin madara ya mai da shi toka-toka, mai 3000K kuwa yana ɗumama shi.

Wajen haɗa launi ta koya mini rabon 60, 30, 10: bango ya ɗauki kaso mafi yawa, kujeru da labule su bi, sai launi ɗaya mai ƙarfi a 'yan ƙananan abubuwa. Namu na ƙarshen shuɗin baba ne daga marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Rigunan filon kujera za mu yi da shi. Gargaɗi ɗaya: sabon rinin baba yana zuba, sai an wanke shi har ruwan ya fita garau kafin a ɗora a kan kujera mai haske.

Labule a Kantin Kwari na yanko. Tagar ƙafa 4 ce, sandar labule ƙafa 6 don ta zarce ta kowane gefe, yadi kuma ninkin sanda biyu, yadi 4 ke nan ga kowace taga. Irin mai faɗin santimita 280 na saya, wanda faɗinsa ke zama tsayin labule. In an cire kalmasa sama da ƙasa zai rage kamar 260, shi ya sa za a kafa sandar a ƙafa 8 da rabi, kusa da silin, abin da ke sa ɗaki ya ƙara tsayi a ido.

Duk abin da muka yi da Anti a rubuce yake: kuɗin shawararta, abin da ya ƙunsa, da cewa za ta dawo ta duba kafin jere. Na tambaye ta kai tsaye ko tana karɓar la'ada a shagunan da ta tura mu, ta faɗa mini waɗanda take karɓa, ni kuma na taya a wasu wuraren don in kwatanta. Kafinta da mai fenti ma an ba su kafin alƙalami, cikon sai aiki ya kammala. Kashi 10 na kuɗin na ajiye a gefe, kuma gyaran danshin nan daga ciki aka yi shi.

Saura darduma da madubi. Jibi in Allah ya kai mu zan je wurin kafinta in ga katako da soso da idona kafin ya rufe su da yadi, in ƙwanƙwasa in ji ko katakon ya bushe, in duba ko akwai hudar ƙwaro. Duk wadda a cikinku ta taɓa maganin danshin bango a gidan haya ba tare da fasa filasta ba, don Allah ta faɗa mana abin da ta shafa da kuma damina nawa ya riƙe, domin bangon uwar ɗaki ma ya fara nuna alama.