Tsohon CG 125: aiki ya iso kan sarƙa da pinyon

'Yan uwa masu koyo, sannunmu da aiki. Tsohon Honda CG 125 da nake tayarwa injinsa ya daidaita, yanzu na koma ƙafar baya. Sarƙar da ke kansa ta gama yayinta. An ja tayar baya har iyakar inda take zuwa, amma sarƙar na nan tana lilo tana dukan murfi.

Kafin in shiga Kasuwar Dole ta Damagaram sai da na auna ta. Lambar da aka buga a jikin gaɓoɓinta 428 ce. Wannan 4 na farko yana nufin daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, wato milimita 12.7, don haka gaɓa 20 a sabuwar sarƙa milimita 254 ne cif. Ku ja ta ta miƙe, ku auna daga ƙusa ta 1 zuwa ta 21. In ta kai 259, a sallame ta. Tawa ta wuce nan. Ba ƙarfen ne ke talewa ba, ƙusoshin ne da ramukansu ke cinyewa kaɗan-kaɗan a kowace gaɓa har abin ya taru. Wanda ba shi da ma'auni ya kama sarƙar a bayan babban pinyon, wato faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa a jikin tayar baya, ya ja ta baya. In ta ɗaga har rabin haƙori ya fito fili, ita ma ta tafi.

Na san dabarar da ake yi in aljihu ya yi sanyi: a cire gaɓa biyu a mayar. Lilon zai ragu, amma kowace gaɓa tana nan da tsawonta na tsufa, ba ta zama daidai tsakanin haƙora, sai ta riƙa hawa kansu tana cinsu. Shi ya sa haƙoran tsohon pinyon suke lanƙwashewa kamar bakin shaho. Sabuwar sarƙa kuma in aka ɗora ta kan irin waɗannan haƙora, ba ta daɗewa. Don haka ukun na saya tare: sarƙa, ƙaramin pinyon na gaba, da babban na baya.

Ku tafi kasuwa da tsofaffin a hannu. Sarƙa 420 da 428 tazarar ƙusarsu ɗaya, a ido sai ka rantse abu ɗaya ne, amma 420 ta fi matsewa a ciki, ba ta zama kan haƙoran 428. Haka kayan baburan Sin masu kama da CG: wani ya shiga, wani ramukan notinsa su kauce kaɗan. Ɗora tsohon kan sabon a gaban mai shago, ka leƙa ramukan, ka ƙirga haƙora, ka ƙirga gaɓoɓi.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne yawan haƙora. Na tarar da 15 a gaba, 41 a baya. Raba 41 da 15, ka samu 2.73: pinyon na gaba zai juya sau 2.73 kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka sa mai 14 a gaba, lissafin ya koma 2.93. Haƙori ɗaya ne kacal, amma ya kusa yin aikin ƙara uku a baya. Babur zai fi ƙarfin tashi da ja a cikin rairayi, sai dai a kan kwalta injin zai riƙa kuka da wuri, ya ƙara shan mai, ƙaramin pinyon kuma ya fi saurin cinyewa. Ni yawancin tafiyata cikin lungunan Birni ne da hanyoyin gona, sau da yawa da buhu a baya, sai na ɗauki mai 14. Mai zirga-zirga a kan hanyar Mirya ko Takeita, ni a ganina ya bar 15 ɗinsa.

Akwai sarƙa mai 'yan robobi tsakanin gaɓoɓi, masu tsare maiƙo a ciki. Da ƙurar Damagaram abin ya ja hankalina, amma ta fi tsada, ta fi faɗi, tana iya gogar murfi. Na zaɓi 428H, wadda ɓarayinta suka fi kauri, na mayar da murfin nan mai rufe sarƙa gaba ɗaya, wanda samari ke cirewa wai don ado. A ƙasar rairayi babu abin da ya kai shi kare sarƙa. Bulbula mata baƙin mai kuwa kiran yashi ne. A wanke da kananzir, a ɗiga mai mai kauri kaɗan, a goge saura.

Wajen ɗaurawa, makullin sarƙa, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe gaɓar haɗi, rufaffen gefensa ne ke kallon inda take tafiya. Na juya taya na nemo inda sarƙar ta fi ɗamewa, a nan na bar mata lilon santimita 2 zuwa 3, na daidaita alamomin gefe biyu, sannan na sa ƙanena ya hau na sake dubawa, don nauyi yana ƙara ɗame ta. Sabuwa takan ɗan saki a kwanakin farko, zan sake ja.

Da na cire tayar na tarar robobin da ke bayan babban pinyon sun farfashe, su ne ke sa fizgar nan in an saki kulochi. Su ne aiki na gaba.