Waiwayen abin da na gani da abin da na ji a bana

Jiya da daddare na zauna duba waƙoƙin da na fi saurara a bana, sai dariya ta kama ni. Ashe waƙa guda nake ta maimaitawa tun watan Maris, lokacin da nake kwance ba lafiya. Ba ma fitacciya ba ce, amma da ganga ta shigo a baiti na biyu sai in ji hankalina ya kwanta.

Fina-finan da aka yi ta zuzutawa kuwa, yawancinsu barci ke sace ni kafin ƙarshe. Wanda ya tsaya mini a rai wani tsoho ne marar launi, sau uku na kalla. Har yau ban yafe wa marubucinsa kashe mahaifiyar yaron nan ba.