Talata: guga, Yaya da ƙahon Miles

An kawo wuta da la'asar, na yi maza na kwaso kayan makarantar yara na hau guga. Kamar kullum, na kunna faifan Kind of Blue na Miles Davis a waya. Tun ina budurwa Yaya ya koya min jin Miles Davis, Ba'amurken nan mai busa ƙaho a kiɗan jazz, kuma har gobe in ƙahon nan ya shigo a hankali sai in ji jikina ya saki. Yau kam bai saki ba.

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, na shiga karanta labarin Frances Taylor, matarsa. Fuskarta ce a bangon faifan Someday My Prince Will Come na 1961. Na sha ganin hoton, ban taɓa tambayar ko wace ce ba. Ashe gwanar rawa ce, tana cikin wasan West Side Story a New York ya sa ta ajiye aikin ta zauna masa a gida.

Ina cikin gugar Yaya ya yi sallama, ya zo karɓar kulolin Hajiya. Da ya ji kiɗan sai ya zauna a hannun kujera yana kaɗa ƙafa. Na ce, "Yaya, ka san dukanta yake yi?"

Ya ce ya sani, ai Miles da bakinsa ya faɗa a littafin tarihinsa na 1989. "Ƙwaya ce, Auta. Ba shi ba ne."

Sai ya shiga lissafo min. Yadda heroin ta kama shi a farkon shekarun 1950, har ya koma gonar mahaifinsa a Illinois ya kulle kansa a ɗaki sai da ya rabu da ita. Ga sikila, ga ciwon ƙugu da aka yi masa tiyata a 1965, ga giya da hodar iblis a kan maganin ciwo. Daga 1975 zuwa 1980 ya ajiye ƙaho gaba ɗaya, yana ƙunshe a gida cikin duhu yana ta shaƙa.

Ban musa ko ɗaya ba. Na san ciwon sikila, mun kwana da shi a asibiti, kuma ba na yi wa wanda shaye-shaye ya kama dariya. Amma na ce masa ita Frances ta ce dukan farko a kan magana ɗaya aka yi shi: ta ce makaɗi Quincy Jones kyakkyawa ne. A waɗannan shekarun kuma mutumin nan yake shiga ɗakin ɗaukar sauti ya jagoranci makaɗa da natsuwar da muke yabo har yau. Na ce, "Yaya, in ƙwaya ce ta yi dukan, to wa ya yi busar?"

Ya yi shiru, yana juya makullin mota a hannu. Can ya ce, "To ki daina ji mana."

Ban amsa ba. Abin da ya tokare min maƙoshi shi ne kalmar nan tasa, na taɓa jin irinta a falonmu. Ina ƙarama, ni na kawo ruwa ranar da aka zaunar da Anti, idonta a kumbure, ana ce mata ta yi haƙuri, mijinta ba a hayyacinsa yake ba. Yaya ma yana wurin. Na san ya tuna, don da zai tafi bai iya haɗa ido da ni ba.

Frances ta gudu daga gidan Miles a 1965, shekarar da faifan E.S.P. ya fito da hotonta a bango, tana kusa da shi. Sai 1968 auren ya mutu.

Miyar kuka ta yi gishiri. Yara sun ci ba ƙorafi.

Wuta ta ɗauke kafin isha, riguna biyu ban goge ba. Faifan na nan a waya, ya tsaya a waƙa ta uku.