Godiya Bayan Gudun Fanfalakin Legas, Daga Tawagar Masu Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi gudun fanfalakin Legas an tashi lafiya, kuma duk 'yan tawagarmu sun koma gida da ƙafafunsu, da waɗanda suka yi cikakken zango na kilomita 42 da ɗoriya daga babban filin wasa na Surulere zuwa Eko Atlantic, da waɗanda suka yi na kilomita 10. Dukkanmu masu ciwon suga ne nau'i na ɗaya, wanda jiki ya daina yin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, sai allura kullum. Mai wannan lalura ba ya kai irin wannan zango shi kaɗai. Shi ya sa muka fito mu gode, mu kuma faɗi aikin da kowa ya yi filla-filla, ko masu zuwa a baya sa amfana.

Mu fara da likitocinmu da malaman jinya, Allah Ya saka muku da alheri. Tun ana atisaye kuka zauna da kowane ɗan gudu da littafin gwajinsa, kuka tsara masa allurar ranar. Allurar abincin da za a ci awa ɗaya zuwa uku kafin tashi ana rage ta da kashi 25 zuwa 75 cikin ɗari, gwargwadon nisan zango, domin tsoka mai aiki tana zuƙe suga daga jini da kanta, idan ta haɗu da cikakkiyar allura sai sugan ya ruguzo. Mai amfani da famfon insulin, na'urar da ke tura maganin cikin jiki kaɗan-kaɗan dare da rana, yana rage gudun famfon da kashi 50 zuwa 80, tun saura awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Allura mai dogon aiki kuwa ana iya taɓa ta kaɗan, amma ba a tsallake ta. Wanda ya tsallake don tsoron faɗuwar suga, jikinsa zai koma ƙona kitse, wani sinadari mai suna kiton ya taru a jini, wannan kuma kwanciyar asibiti ce. Inda aka fi shan wuya shi ne masu gaurayen insulin, mai gajeren aiki da mai dogon aiki a allura ɗaya, irin su Mixtard, wanda shi da yawa daga cikinmu suke samu: ba a iya rage ɓangare ɗaya a bar ɗaya, kuma allurar da aka yi da asuba ƙarfinta yana kaiwa ƙololuwa ne daidai tsakiyar gudu. Su aka fi ƙara wa abin ci a hanya, aka kuma fi yawaita musu gwaji. Sannan kun hana yin allura a cinya ranar gudu, saboda jini yana yawaita a ƙafa mai motsi, maganin ya shiga da sauri fiye da kima. A fatar ciki aka yi.

Godiya ga 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da suka sauke mu, suka ba mu wuri a firij. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda ake amfani da shi kada ya wuce 30, kuma idan ya daskare ya lalace ko da ya narke ya yi kyau a ido. Haka direbobin da suka yarda kular magani ta zauna a cikin mota kusa da masu ita, kwalaben a naɗe da tawul don kada su taɓa ƙanƙara.

A wurin tashi, 'yan rakiyarmu su suka riƙe ƙa'ida da hannu biyu. Sugan jinin da ake so a tashi da shi shi ne 126 zuwa 180 mg/dL, wato 7 zuwa 10 a ɗayan ma'aunin na mmol/L. Wanda ya gwada ya samu tsakanin 90 da 125 sai ya sha giram 10 na suga ya tafi. Ƙasa da 90, giram 10 zuwa 20, kuma ya jira ya sake gwadawa. Sama da 270 sai an duba kiton. Idan kiton ya kai 1.5 mmol/L a jini, babu gudu ranar, komai kuɗin motar da aka kashe. Akwai kuma tarkon da ke kama sababbin shiga: hayaniyar taro da fargaba suna sa jiki ya saki sinadarin adirinalin, hanta ta zubo suga, na'ura ta nuna 230 ko 250. Mutum ya firgita ya ƙara cikakkiyar allura, kafin kilomita 8 ya zube. Irin wannan hawan yakan sauko da kansa idan ƙafa ta kama hanya. Kun riƙe hannun masu son ƙari, mun gode.

Tsarinmu a kan titi shi ne babu mai gudu shi kaɗai. Kowa da abokinsa mai irin saurinsa, kowa ya san aljihun da ɗan'uwansa ya sa sugansa, kuma a bayan lambar ƙirji an rubuta lalurar da lambar wayar da za a kira. Ana gwaji duk rabin awa, ana cin giram 30 zuwa 60 na suga ko sitaci duk awa, kaɗan-kaɗan, ba a jira sai an ji. Giram 15 shi ne ƙwayar sukari uku zuwa huɗu, ko ƙananan dabino uku, ko babban cokalin zuma guda, ko abin da bai kai rabin kwalbar lemo ba. Lemon da aka rubuta babu suga a jikinsa ba ya ceto, cakulan da gyaɗa kuma man da ke cikinsu yana jinkirta su. Gadar Third Mainland ita ce wurin da wannan shiri ya fi amfani: kusan kilomita 12 a kan ruwa, babu kanti babu inuwa, abin da ke aljihunka shi ne naka.

Wahalar gane faɗuwar suga a cikin gudu ita ce alamominta, gumi da bugun zuciya da rawar jiki, duk mai gudu yana da su. Abokin tafiya ne yake lura da sauran: magana ta fara sarƙewa, taku ya karkace, mutum mai fara'a ya hau faɗa ba dalili. Ƙasa da 70 a tsaya, a ci giram 15, a jira minti 15, a sake gwadawa. Na'urar auna suga da ake maƙalawa a dantse tana iya yin lattin minti 10 zuwa 15 a bayan jini, don haka idan ta ce lafiya jiki ya ce a'a, a huda yatsa. A fara wanke yatsan da ruwa, domin hannun da ya taɓa dabino zai nuna suga sama alhali yana ƙasa. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar gulukagon, mai ɗaga suga a jini, idan akwai, a kira masu agaji. Ga masu raba ruwa da ma'aikatan agajin da suka bar 'yan tawagarmu suka tsaya a gefensu suna gwaji, madalla da ku.

Jinjina ta musamman ga waɗanda aka ce su haƙura suka haƙura. Ƙa'ida ce: wanda sugansa ya faɗi har sai da wani ya taimake shi a cikin awa 24 kafin gudu, ba ya shiga. Zama a gefen titi riƙe da jakar wasu bayan watannin atisaye ba ƙaramin abu ba ne.

Amma mafi girman godiyarmu ga waɗanda suka hana idonsu barci ne a daren da aka gama. Mutane suna ɗauka an tsallake da an karɓi lambar yabo, alhali tsoka da hanta suna ci gaba da janye suga daga jini don mayar da abin da suka ƙona, kuma jiki yana ƙara jin insulin har kwana guda ko fiye. Faɗuwar ta fi zuwa awa 6 zuwa 15 bayan gudu, ga gajiya ta sa barci ya yi nauyi, mutum ba zai farka da kansa ba. Shi ya sa aka rage allurar abincin bayan gudu har zuwa rabi, aka rage ta dare da kusan kashi 20, kowa ya ci wani abu kafin ya kwanta, aka ajiye sukari a gefen matashi. Sannan masu aikin dare suka bi ɗaki-ɗaki da tocila wajen ƙarfe 2 zuwa 3, suna tashin mutane suna huda yatsu, ana yi musu tsaki suna haƙuri. Allah Ya biya ku.

Iyayenmu da matanmu da mazajenmu da suka danne tsoro suka sa mana albarka, Allah Ya ƙara girma, Ya bar zumunci. Alƙaluman nan na gama-gari ne, kowa likitansa ne zai daidaita masa nasa. 'Yan tawaga kuma, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum a wannan makon. Bororo ko ƙujewar da ta yi ja ko ta fara ruwa a kai ta asibiti, kada a fasa ta da allura a gida. Kowa ya rubuta gwaje-gwajensa na ranar gudu da na kwana biyun da suka biyo baya, da abin da ya ci da lokacin da ya ci, ya tafi da su ganin likita na gaba.