Minti biyu kawai zan yi

Jiya da la'asar ɗan ƙanwata ya ɗauko ni daga Kantin Kwari a motar uwarsa, muna zuwa wajen Bata sai ya ce bari ya karɓi caja a wani shago, kafin in buɗe baki har ya gangara ya tsaya cak a inda hayis ke sauke fasinja, ya kunna sigina biyu wai shi ya nemi izini kenan. Na ce kai matsa gaba. Ya ce haba Kawu, minti biyu fa kawai zan yi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar da na yi kenan a 2014, ko harafi ɗaya bai canza ba.

Lokacin ban daɗe da sayen wata Golf 'yar Kwatano ba, motata ta farko, ina ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Ku tuna an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun Janairun 2013, to a daidaita sahu ta cika ko'ina, titi ya matse, kowa neman inda zai raɓa yake. Ranar wata Alhamis na je karɓar bashi a Ibrahim Taiwo Road, na yi fakin a wurin tsayawar bas na ce minti biyu kawai zan yi. To kun san mutumin da ake bi bashi, sai ya jawo gaisuwa, ya iyali ya kasuwa, aka kawo lemo, aka kira sallah muka yi, minti biyuna ta zama kusan awa guda.

Ina fitowa na tarar da gosulo har ya yi nisa, hayis na sauke mutane a tsakiyar titi saboda ni, kwandasta na dukan jikin mota yana zagin mai Golf. Da idona na ga wata mata da goyo da kwano a ka ta sauko, saura ƙiris wani mai keke ya kwashe ta. Na gani fa. Amma lokacin ko a jikina, hankalina na kan ma'aikacin kula da hanya da ke tsaye jikin motata yana rubutu.

Gaskiya yaron bai yi min rashin kunya ba, cewa ya yi Alhaji nan ba wurin ajiye mota ba ne, ga takardar tara, dubu 5, ka je banki ka biya. Da na karɓa na yi shiru da magana ta ƙare a nan. Ni kuwa sai na ce ka san ko ni waye? Har yau in na tuna kunya nake ji, ni waye ɗin, mai shago ɗaya da rabi a Kwari. Na ciro waya na kira wani abokina da yayansa ke aikin gwamnati, ta yi ta ringin bai ɗauka ba, mutane sun taru ana kallo, don kar in ji kunya sai na dunƙule takardar na jefar a kwata. Ba a yi minti goma ba sai ga janwe.

Amma dai a faɗi gaskiya komai ɗacinta, allon da ke wurin ya koɗe, an lulluɓe shi da fastocin 'yan siyasa don ana shirin zaɓen 2015, wa zai iya karantawa? Kuma a ina ake so mutum ya ajiye mota a yankin nan, a kansa? Ga wata jif mai baƙin gilas a gabana kaɗan ba wanda ya ko kalle ta. Duk da haka ƙarya nake in na ce ban san wurin bas ba ne, shekara nawa ina hawa hayis a daidai nan kafin Allah ya ba ni mota.

Motar ta kwana huɗu a hannunsu, Juma'a na je an ce mai sa hannu ya tafi masallaci, Asabar da Lahadi ba aiki. Litinin na biya tarar, na biya kuɗin janwe, na biya na kwana, sama da dubu 20 suka tafi. Wannan ma da sauƙi. A but akwai shadda da atamfa na wani kwastomana daga Maraɗi, ya jira ya gaji ya saya a wurin maƙwabcina ya kama hanya, har gobe can yake saye.

Na zauna rubuta wannan da niyyar in jero muku shawara goma, yanzu na duba ba su kai ba. Kar ka tsaya a wurin bas, ko da kana cikin motar, ko da inji na kunne. In an ba ka takarda ka karɓa da hannu biyu ka rufe bakinka. To ba wai ka zama wawa ba, in kana ganin an zalunce ka ɗauki hoton wurin da allon, wayar nan da kuke wuni kuna dannawa ta yi amfani sau ɗaya, ka je ofis ka yi bayani a tsanake, in kotun tafi-da-gidanka ce ka faɗi naka. Ko da yake ni ban taɓa ganin wanda ya yi gardama ya ci riba ba, biya kawai ka huta. Ka biya a banki ka riƙe rasit, kar ka ba kowa na goro a bakin titi. Ni dai na taɓa bayarwa daga baya a wani wuri kuma ta yi aiki, amma ba kyau, kar ku yi.

Matsalar ku yaran yanzu ba ku san zafin kuɗin mota ba, ta iyaye ce, mai ma ba ku kuke sha ba, ana muku magana kunne a toshe da iyafis. Na gama ba ɗan ƙanwar tawa labarin nan kaf, sai ya ce Kawu ai yanzu tiransifa ake yi a wuce wurin. Na ce ja motar nan kafin in saɓa maka. Ya ja yana ƙunƙuni, ya je ya tare ƙofar garejin wani.